Dalhatu Mai Haɗi da Jirgin Babansa

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Sabon Birni ya san shagon Dalhatu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne ɗan shagon nan mai shuɗiyar ƙofa tsakanin mai cajin waya da mai faci, inda za ka ga hoton wani dillalin awaki da ka sani sarai ya jingina da jibgegiyar mota a gaban benayen Dubai, alhali ko Gusau bai taɓa wucewa ba. Wannan aikin Dalhatu ne. Ana ce masa mai haɗi saboda abin da yake yi ke nan: ka kawo masa fuskarka, ya ɗora ta inda ranka ke so. Ya kai mutane gaban Ka'aba ba su hau jirgi ba, ya sa wani mai tsire ya dafa kan zaki. Ba wanda ake yaudara, kowa ya san wasa ne, a yi dariya a rataya a ɗaki.

Ba da kwamfuta ya fara ba. A Kurawa aka haife shi, shi ne autan Malam Yari, ɗan tsufa, wanda ya zo bayan an fid da rai. Tun yana rarrafe hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Gawayi in ya shiga hannunsa, to katangar gida ta shiga uku: raƙuma, kekuna, har da wani maƙwabci mai doguwar haɓa wanda ya gane kansa ya kawo ƙara. Malam Yari bai taɓa dukansa a kan zane ba, bai kuma taɓa yaba masa ba. Sai dai ya tsaya ya duba, ya ce a ba yaron ruwa ya wanke bango.

Da ya gama firamare aka kai shi Isa wurin wani mai zanen motoci. Shekara ashirin ya yi yana fentin bayan manyan motocin da ke ɗaukar kaya zuwa Maraɗi. Dawisu, doki mai fukafuki, masallaci mai hasumiya huɗu, da rubutun nan na direbobi masu jan kunnen maƙiya. Masu mota daga Shinkafi har Madawa suna jiran layi don burushinsa. Sai ga zamani ya zo da na'urar da ke buga hoto a ƙyallen roba cikin rabin sa'a, aikin da shi yake kwana uku a kai. Wasu abokan sana'arsa suka koma acaba, wasu gona. Dalhatu, da furfura ta fara leƙo masa a gemu, ya nufi Sakkwato ya zauna aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa, ya koyi zane a kwamfuta. An sha yi masa dariya, don wata guda ya yi yana neman ya dangwala abin zanen kwamfutar cikin fenti. Amma hannun da ya san layi ya san layi, ko da me ka ba shi. Ya dawo ya buɗe shago, ya auna kansa da matasa ya ga ba su kai shi ba, kuma bai ɓoye musu hakan ba. Dalhatu yana da kirki, amma yana da ji da kai a kan aikinsa, kuma ba ya ƙaunar ya ga fili a hoto bai cusa wani abu a ciki ba.

Shi kuwa Malam Yari dukiyarsa ɗaya ce a duniya, maganarsa. Ba shi da shanu, gonarsa ba ta fi ta kowa ba. Amma a Kurawa da ƙauyukan da ke kewaye, in aka yi saɓani kan iyakar gona, maigari ba ya yanke hukunci sai an ɗauko shi. Ya haura tasa'in, ya san inda kowace aduwa ta tsaya kafin a sare ta, ya san wanda ya dasa gambar da ta raba gonar wane da ta wane. In ya soka sandarsa ya ce nan ne, to nan ne, ko da mai gardamar surukinsa ne. Abu guda kawai ake yi masa murmushi a kai, wato labarin jirgi.

Ga yadda yake ba da shi, kuma bai taɓa canzawa ba. Zamanin yaƙin Hitila, yana saurayi bai yi aure ba, ya tafi cirani. Da ƙafa suka bi ta Isa da Shinkafi har Ƙauran Namoda, suka hau jirgin ƙasa, daga ƙarshe ya tsinci kansa a Kano yana lebura a filin jirgin sama, yana gangara gangunan mai. A nan ya san wani jirgin yaƙi mai farfela biyu, hancinsa duk gilashi, da tozo a baya kamar na bijimi inda bindiga take, cikinsa kuma yana buɗewa gida biyu, nan ake ɗura bama-bamai. In zai tashi, ƙananan jirage ne ke bin sa a baya kamar kaza da 'yan tsaki. Wata rana wani Bature makanike, wanda Yari ke ɗaukar masa akwatin ƙarafa, aka neme shi Maiduguri don gyaran gaggawa, sai ya ce yaronsa ya biyo shi da akwatin. Yari ya zauna a ƙasa, bisa akwatin, a takure. Tsoro ya sa ya yi amai a cikin hularsa, ya riƙe ta a hannu har suka sauka. Ta wata 'yar taga ya ga rafi kamar zare, shi ke nan abin da ya gani. A bayan mota ya dawo.

Wasu sun yarda, wasu sun ce kowane tsoho da irin nasa. Amma har masu shakka suna cewa mutumin da bai taɓa ƙara taki ɗaya a gonar kowa ba, a bar masa jirginsa. Dalhatu, abin kunya, yana cikin masu shakka. A makaranta ya sha tsokana, ana ce masa ɗan mai amai a sama, har ya tsani labarin. Da ya girma, in baban ya fara, sai ya tuna yana da uzuri a waje. Ya taɓa gaya wa abokansa a Isa cewa tsohon mafarki ya yi ya ɗauka gaske ne.

Shekara tara ke nan da abin da ya canza masa ra'ayi ya faru. Wani ɗan takarar kansila ya zo yana son fastar neman ƙuri'a, a sa jirgin sama a bayansa, wai don a san zai kai mazaɓa nesa. Dalhatu yana laluben hotunan jirage a intanet, sai ya ci karo da wani tsohon hoto baƙi da fari, duk ya dushe. Farfela biyu. Hanci na gilashi. Tozo a baya. Ya matso da fuskarsa jikin allo, ya karanta bayanin da ke ƙasa da ɗan Turancinsa na firamare, yana bin kalmomi da yatsa. Irin jiragen nan, in ji rubutun, su ne ke jan ayarin ƙananan jirage su ratsa Afirka lokacin yaƙin, suna yada zango a Kano da Maiduguri.

Mutumin da bai iya karatun boko ba, bai taɓa riƙe wayar zamani ba, ina zai samo tozon nan in ba da idonsa ya gani ba? Kunya ta rufe Dalhatu, irin wadda ba ka da wanda za ka gaya wa. Shekara arba'in yana ɗaukar ubansa mai ƙari, ga shi ashe ko tsinke bai ƙara ba. A ranar ya ƙudura cewa sai ya wanke tsohon a idon duniya, kuma da abin da ya iya zai wanke shi.

Tsohon hoton bai bugu ba, in an faɗaɗa shi sai ya zama hayaƙi. Don haka ya fara zana jirgin daga farko a kwamfuta, layi bayan layi, kamar yadda yake yi a bayan motoci da can. Abin da hoton bai nuna ba kuwa, mutum ɗaya ne ya sani. Sai ga Dalhatu, wanda da sai ya yi wata bai leƙa gida ba, kowace Juma'a yana kan babur zuwa Kurawa da ƙullin goro da tsire mai laushi. Ya zauna gefen tabarma bayan la'asar, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya jefa tambaya kamar ba da gangan ba. Wane launi ne da jirgin? Tsohon ya dube shi da mamaki, don wannan ɗan bai taɓa tambaya ba. Ya ce bayansa launin ƙasa ne iri biyu, mai haske da mai duhu, cikinsa kuma shuɗi ne kamar sama, don na ƙasa kada ya gan shi. A fukafukin akwai da'ira kamar faifai, ja a tsakiya. Wani makon ya ce baƙin mai yana tsiyaya ta bayan injin, ya ɓata fiffiken, su ne ma ke goge shi da tsumma. Wani makon ya tashi da sandarsa ya auna masa tsayin tayar a jikin ƙugunsa.

Dalhatu yakan ce bai taɓa samun ubansa ba sai a watanni ukun nan. Tsohon ya riƙa ajiye masa abin da ya tuno a cikin mako, har ya sa a share masa wurin zama tun da hantsi. Bai san me ake shiryawa ba, shi dai ya ga ɗansa yana sauraro.

Zanen ya yi kyau, wannan ba a gardama. Jirgin yana tsaye a fili, rana ta bugi gilashin hancinsa, ga tsiyayar man nan a fiffike, ga inuwarsa a ƙasa. Matarsa Kande, wadda ba ta cika sa baki a aikinsa ba, ta kawo masa abinci shago ta gani, ta ce ya kai wa Baba haka, ya gama. Da ya ji maganarta da ba a ba da wannan labari ba. Amma sabo turken wawa. Dalhatu ya dubi hoton ya ga jirgi ne kawai, ba kowa. Ya ce a ransa, wannan ai kowa zai iya cewa daga littafi aka kwafo, ina shaidar Baba ya shiga? Gani ya kori ji, dole a ga tsohon a ciki.

Ya fara da niyyar sa shi a gefe yana gangara ganga. Ya zana, ya duba, sai zuciyarsa ta ƙi. Ubansa, dattijon da maigari ke miƙe wa, a buga shi da gajeren wando yana tura ganga kamar bawa, a rataya mutane su gani? Ya goge. Ya ɗauko hoton katin zaɓen tsohon, ya share tamojin fuska, ya baƙanta gemu, ya mai da shi ɗan shekara talatin. Ya sa masa hular fata da tabarau irin na matuƙa, ya zaunar da shi a gaba cikin gilashi, hannu ɗaya a ɗage yana gaisuwa. Da ya ga ƙirjin rigar fili ne, ya jera masa lambobin yabo guda uku. Abin da yake yi wa dillalan awaki kullum, shi ya yi wa ubansa, kuma har ga Allah girmamawa yake nufi.

Ya buga shi a ƙyalle mai faɗin tabarma biyu. Ranar babbar Salla, kafin a sauko daga idi, ya rataya shi a bangon zauren gidansu, inda duk mai zuwa gaishe da Malam Yari sai ya wuce.

Jama'a suka taru. Da farko shiru, sai wani ya tuntsire, sai dariya ta kama kamar wutar kara. Ba dariyar mugunta ba ce, irin wadda ake yi a shagonsa ce, ta an gane wasan. Matasa suka zaro wayoyi. Aka riƙo tsohon ya zo gaban ƙyallen, ya ɗaga kai yana ƙifta ido, don ganinsa ya yi rauni. Ya bi fiffiken da kan sandarsa, ya tsaya a kan baƙin man nan, fuskarsa ta saki. Sannan sandar ta kai ga gilashin gaba.

"Wa ac ciki?"

"Kai na, Baba," in ji Dalhatu, bakinsa har kunne.

Tsohon ya daɗe yana kallo. "Ni ban zamna nan ba. Ƙasa niz zamna, bisa akwati."

Ya koma tabarmarsa ya ci gaba da amsa barka da Salla. Dalhatu ya ɗauki maganar a matsayin tawali'un tsofaffi, ya koma Sabon Birni yana jin ya sauke nauyi. Kafin naman layya ya ƙare hoton ya zaga wayoyi daga Burkusuma har Turba, wani ya rubuta Kyaftin Yari a ƙasansa, sunan kuma ya zauna. Ƙyallen ya ci gaba da zama a bango. Malam Yari bai ce a sauke ba, sai dai ya mai da tabarmarsa ɗaya gefen zauren, inda zai ba shi baya.

Da bazara ta yi, aka fara sharar gona, rigima ta tashi. Tasalla, wata gwauruwa da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata, ta tarar maƙwabcin gonarta Ɗanmusa ya tumɓuke gambar iyaka ya share kunya goma sha huɗu ya haɗa da tasa. Ɗanmusa ɗan kasuwa ne mai kai hatsi Nijar, mai baki, ya ce tun asali na kakansa ne, aro aka ba mijinta. Ba takarda, ba kowa da ya rage cikin waɗanda suka san farkon abin sai mutum ɗaya. Tasalla ta zo ta durƙusa a zaure, Malam Yari ya ce ta kwantar da hankalinta, yana nan ranar da aka raba gonar, tata ce. Dalhatu da kansa ya goya shi a babur zuwa wurin.

Maigari da dattawa suna tsaye cikin rana. Tsohon ya taka a hankali, ya waiwaya gabas ya duba wata tsamiya, ya ƙirga taku, ya soka sanda. Ya ce a nan aduwar take, kuma daga ita zuwa kwari na gidan su mijin Tasalla ne. A da, da an kai nan an gama, sai addu'a. Amma Ɗanmusa bai ɗaga murya ba, bai yi rashin kunya ba. Ya cire takalmi, ya russuna, ya zaro waya daga aljihu ya nuna wa maigari, sannan ya juyo da ita.

"Baba, Allah shi ba ka haƙuri, tambaya za ni yi. Wanga da ac cikin jirgi, kai na?"

"Huskata ta," in ji tsohon.

"To ka tuƙa jirgi? Turawa sun ba ka lambobin ga?"

Kalma ɗaya ce amsar, kuma Malam Yari bai taɓa jin nauyin faɗin a'a ba. Amma ɗansa yana tsaye a bayansa riƙe da babur, kuma a'a ɗin nan tana nufin ya ce wa taron dattawa ɗan nan nawa ya shirya ƙarya ya rataya mini. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi ƙasa. Shirun bai fi na shan ruwa ba, amma kowa ya ji shi.

Dalhatu ya yi wuf ya ce shi ya yi, haɗi ne, kowa ya san sana'arsa, tsohon bai san da shi ba. Ya fara bayanin tsohon hoton da ya gani a intanet, da Kano da Maiduguri, yana haɗa magana da magana.

"Mun san haɗi na," in ji Ɗanmusa a natse. "Amma tun babbar Salla shina rataye zaurenai, kuma ba mu ji yac ce a sauke ba. Wanda ya yarda a ƙara mashi lamba ukku, ba shi yarda a ƙara ma wata kunya goma sha huɗu?"

Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi sauƙi. Maigari ya yi gyaran murya, ya ce Malam Yari uba ne ga kowa, ba a ƙaryata shi, amma shekaru sun ja, kuma tunda abin ya zama haka a raba gardama. Bakwai ga Ɗanmusa, bakwai ga Tasalla. Matar ta ja mayafinta ta bi hanya, ba ta ko dubi inda suke ba.

A hanyar komawa tsohon bai riƙe kafaɗar ɗansa ba kamar yadda ya yi da zuwa, ƙarfen baya ya riƙe. Suna isa Dalhatu ya fizge ƙyallen daga bango, ya durƙusa yana ba da haƙuri, yana tambaya don me bai ce a sauke ba tun ranar Salla.

"Kai kay yi shi," in ji Malam Yari. "Wata ukku kana zuwa kana tambaya ta. In sauke aikinka gaban mutane?" Ya numfasa. "Shekara saba'in da ɗoriya ina hwaɗin labarin ga, ban ƙara mashi ko tsinke ba. Har aman da niy yi cikin hula ban ɓoye ba. Mi yah hana ka bar ni da gangata?"

Garin gyaran gira Dalhatu ya tsone ido, kuma ba nasa idon ba.

Washegari tsohon ya sa aka kira Tasalla. Gonarsa tana da gefe mai kyau wajen fadama. Ya ce wa Dalhatu ya je ya ƙirga kunya bakwai daga can, ya dasa gamba da hannunsa, daga yau na Tasalla ne. Ta ƙi, ta yi kuka, ta ce ba laifinsa ba ne. Ya ce ya gaya mata gonarta ce, kuma bai iya tsai da maganarsa ba, don haka ba kyauta yake yi ba. Yayyen Dalhatu suka yi gunaguni a bayan ido, don gādonsu ne aka yanka, kuma sun san wanda ya jawo. Dalhatu ya dasa gambar cikin zafin rana, bai nemi kowa ya taya shi ba.

A kwamfuta gyara ba wuya. Cikin minti biyu ya cire matuƙin da lambobinsa, jirgin ya koma yadda Kande ta gan shi. Ya buga ƙarami, ya sa a firam, ya kai Kurawa. Tsohon ya karɓa, ya kawo kusa da ido, ya ce ya yi kama, Allah ya yi albarka, ya miƙa a ajiye a ɗaki. Dalhatu ya kunna wayarsa ya roƙe shi ya ba da labarin tun daga Ƙauran Namoda, yana so ya naɗi muryarsa. Malam Yari ya ce ya gaji, wata rana. Juma'a ta gaba ma haka. Daga nan Dalhatu ya gane wata ranar ba za ta zo ba, ya daina tambaya. Ya ci gaba da zuwa da goro da tsire, su zauna su yi zancen damina da farashin gero.

A shekarar aka yi rigimar iyaka biyu a yankin, ba a aiko a ɗauki tsohon ba. Ya ji labari, don a ƙauye ba a ɓoye abu. Ranar da aka yi ta biyun ya sa babbar rigarsa tun da safe ya zauna a zaure da sandarsa a kan cinya, har azahar, sannan ya shiga ya cire. Ya rasu bayan kaka ta shekara mai bi. A wurin zaman makoki an yabe shi ƙwarai, an ce mutumin kirki ne mai haƙuri. Dalhatu ya kasa kunne ko wani zai ce mai gaskiya, irin yadda ake faɗa da. Abin da ya ji shi ne wani matashi a waje yana gaya wa wani a waya cewa Kyaftin ne ya rasu.

Har yanzu Dalhatu yana shagon. Hanyar Kurawa ba ta biyuwa yadda ake so a 'yan shekarun nan, iyalinsa duk sun dawo cikin gari. Yana nan yana kai mutane Dubai, don da shi ake cefane, sai dai in aka kawo hoton tsoho a ce a gyara, ya kan ce a kai wa yaran can na bakin kasuwa. Jirgin yana rataye a ciki, bayan labule, ba inda masu wucewa za su gani ba. Duk wanda ya zauna ya daɗe, sai Dalhatu ya ba shi labarin, tiryan-tiryan yadda tsohon ke bayarwa, da akwatin da hular da komai. Mutane suna saurara da ladabi, su ce ikon Allah, su karɓi aikinsu su tafi.

A hutun da ya wuce 'yarsa Maimunat, wadda ke karatun jinya a Sakkwato, ta zauna da shi a shago tana jiran a kawo wuta. Tana ƙarama kakanta ya rasu, ba ta riƙe muryarsa ba. Ta tambaye shi, tsakani da Allah, wai da gaske Kaka ya shiga jirgin yaƙi? Dalhatu ya ji daɗin tambayar ƙwarai. Wuta na zuwa ya kunna kwamfuta, ya wuce nasa zanen, ya nemo mata tsohon hoton nan baƙi da fari da ya adana, wanda ya sa shi kansa ya yarda. Ya nuna mata farfela, ya nuna mata tozon, ya ce ta karanta rubutun da kanta tunda ta fi shi Turanci.

Ta duba da kyau, ta karanta har ƙarshe. Sannan ta ɗago ta yi masa murmushi, na ƙauna, ba na raini ba.

"Ya yi kyau, Baba. Har da dushewar. Wanga ma kai kah haɗa shi?"